An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganar Ciki Da Zubar Da Ciki

Jama'a 'yan'uwanmu talakawa, yau za mu taɓo wata magana wadda kunya ta hana a yi ta a fili, ko da ya ke babu unguwar da ba a yinta a ɓoye, tun daga Kekun Waje zuwa Bunguɗu, daga Tsafe har cikin Gusau. Maganar nan ita ce ta macen da ciki ya zame wa tashin hankali, da abin da ta kan yi in ta rasa mafita, da abin da gwamnati ta sani game da ita, da kuma abin da gwamnatin ta yi mata. Mun san akwai waɗanda za su ce wannan ba zancen jarida ba ne. To, mu dai mun ga barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma waɗanda a ke kaiwa kushewa saboda wannan shiru 'ya'yanmu ne da matanmu da ƙannenmu.

Mu fara da sanin ko wace ce wannan mace. Da zarar an ambaci zubar da ciki sai hankalin mutane ya tafi kan matan banza, alhali kuwa wanda duk ya zauna a kasuwa ya san ba haka abin ya ke ba. Akwai yarinya 'yar talla wadda uwarta ta ɗora wa faranti tun da safe aka ce kada ta dawo da kwantai, wani ƙato ya saye kayan duka ya ja ta ɗaki. Akwai matar aure mai 'ya'ya bakwai, da goyo a baya, ga kwanika, ga mai gida ya kwana biyu bai shiga gonarsa ba don tsoron ɓarayin daji, jikinta duk ya ƙare, ta tabbata wata haihuwar za ta iya tafiya da ita. Akwai kuma wadda 'yan bindiga suka ɗauke daga ɗakin mijinta ko gidan ubanta, ta yi wata biyu ko uku a daji, aka sayar da shanu da hatsi aka biya fansa, ta dawo da cikin da ba ta san ubansa ba. Waɗannan su ne matan da mu ke magana a kansu.

Abin da ya kan biyo baya ma duk mun san shi. Za ta ɓoye, ta ɗaure ciki da zane, ta sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ko a aika yaro wurin ɗan kemis ya karɓo ƙwayoyin da shi kansa mai sayarwar bai san ƙa'idarsu ba. In jini ya ɓalle sai a rufe ƙofa a yi ta sauya tsumma, domin kada maƙwabta su ji. Sa'ad da za a yarda a nemi asibiti dare ya yi, hanya ba ta biyuwa, ɗan kabu-kabu ba zai sayar da ransa ba. Da safe sai a ji sanarwa wance ta rasu, ciwon ciki ne. A yi jana'iza, a yi addu'ar uku, shi ke nan an rufe magana.

GWAMNATI TA SANI

Kada wani ya ruɗe ku da cewa mahukunta ba su da labari. Suna da shi a rubuce, da alƙaluma. A shekarar 2015 wasu masana na Jami'ar Ibadan tare da wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Guttmacher suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitocin ƙasar nan. Suka ce a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki wajen miliyan 1 da dubu 250 a Nijeriya, watau mata 33 cikin kowace 1,000 na waɗanda ke tsakanin shekara 15 da 49. Daga cikinsu mata wajen 212,000 an yi musu magani a asibiti saboda lahanin da abin ya jawo musu, wasu wajen 285,000 kuwa sun samu mummunan lahani amma ba su ga likita ba. Binciken bai ware Arewa ya ce mu tsarkaka ne ba. Abin yana nan a shiyyarmu kamar yadda ya ke a Kudu.

To, ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ɗaya daga cikin masanan da suka sa hannu a wannan bincike shi ne Farfesa Isaac Adewole, kuma a cikin wannan shekara ta 2015 aka naɗa shi Ministan Lafiya na ƙasa, ya riƙe kujerar har 2019. Ashe ke nan wanda ya yi ƙidayar shi aka ba mabuɗin ma'aikatar. Ina sauran uzurin rashin sani?

Ita ma gwamnati tana da nata binciken. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta kan bi gida gida bayan 'yan shekaru tana tambayar mata halin lafiyarsu. A binciken 2018 ta gano cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Zamfara ta ke, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kuma kusan uku cikin goma na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Ta kuma gano cewa a ƙasa baki ɗaya matan aure 12 ne kacal cikin 100 ke amfani da hanyoyin asibiti na ba da tazarar haihuwa, a shiyyarmu kuwa abin bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Ku raba da kwanakin shekara ku gani: mata fiye da 200 kowace rana. Da a ce motocin kasuwa goma ne ke kifewa da mata kullum a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da tuni an rufe hanyar.

A nan gida ma an yi bincike. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 ta'asar 'yan bindiga ta mai da mata 4,983 zawarawa, ta mai da yara 25,050 marayu, ta raba mutum fiye da 190,000 da gidajensu. Yarinyar da ba uba, ba gida, ba abinci, tana kwana a kangon makaranta ko a tasha, shin wa zai kare ta daga mai ba ta naira ɗari biyar?

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar laifuffuka ta tsohuwar Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta ce a sashe na 232 duk wanda ya sa mace ta zubar da ciki da gangan za a iya ɗaure shi har shekara 14, sai fa in an yi haka da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwar. Dokar Shari'a da ta fara aiki a Zamfara ran 27 ga Janairu 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ita ma ta hana, ita ma kuma ta bar wannan ƙofa ta ceton rai. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buga littafin ƙa'idoji mai bayyana wa likitoci irin ciwon da in mai ciki na da shi doka ta yarda a raba ta da cikin don ta rayu, da yadda za a yi aikin ba tare da an halaka ta ba.

Shin a Kekun Waje mutum nawa suka taɓa jin labarin wannan littafi? Da Turanci aka rubuta shi, ya zauna a ofisoshin Abuja. Gwamnatin Ikko ta gwada fitar da irinsa a 2022, da aka yi mata ca sai ta janye shi cikin 'yan kwanaki.  Sakamakon shirun nan shi ne ma'aikacin asibiti yana tsoron 'yan sanda, iyaye suna tsoron alƙali, ita kuwa yarinya tana tsoron kowa. Har matar da ta yi ɓari na Allah da Annabi ta kan ji shakkar zuwa wankin ciki, don kada a yi mata kallon wadda ta zubar. Alhali babu dokar da ta hana a yi wa mace mai zubar jini magani, ko mene ne sanadin jinin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ya ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili.

'Ya'yan manya ba su san wannan tsoro ba. In abin ya faru a gidan mai kuɗi ko mai mulki, mota ce za ta fita da asuba zuwa wani asibitin kuɗi a babban birni, kafin sati an dawo, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Doka ɗaya ce a takarda, amma kaifinta a wuyan 'yar talaka kaɗai ya ke sauka.

ABIN DA YA FARU A TSAFE

Dattawanmu ba su manta ba. A watan Satumba na 2000 wata kotun Shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya budurwa 'yar ƙauye hukuncin bulala 100 saboda an gan ta da ciki ba aure. Yarinyar ta ce tilasta mata aka yi, ta kuma ambaci maza uku. Mazan suka musanta, aka sallame su, ita kuwa aka ƙara mata bulala 80 na ƙazafi. Daga baya aka janye 80 ɗin, amma a watan Janairu na 2001, bayan ta haihu, aka yi mata 100 ɗin a gaban jama'a. Bayan wannan, kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a a Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003 sun soke hukuncin jifa da ƙananan kotuna suka yanke wa wasu mata biyu talakawa a kan irin wannan tuhuma, abin da ya nuna cewa Shari'a tana da faɗi da rangwame in an samu masu saninta da masu tsaya wa mai rauni.

Ba mu kawo wannan don mu yi jayayya da hukuncin Allah ba. Mun kawo shi don a duba darasin da kowace yarinya a ƙasar Tsafe da Bunguɗu ta ɗauka daga ranar: ciki shaida ne a kanki, namiji kuwa rantsuwa ta ishe shi, in kin faɗi sunansa ma kina iya ƙara wa kanki bulala. Wadda ta fahimci haka, me za ta yi in ta ga wata ya wuce? Za ta nemi ɓatar da shaidar ko da ranta zai tafi tare da ita. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, amma kullum daddawar a ke tuhuma, ɓeran yana zaune a majalisa yana shan shayi.

ALKAWARI BA CIKAWA

Wajen alkawari kam ba a bar mu da yunwa ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ta shafe shekaru tana yawo a wajejen kashi 5. A 2004 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka, wadda a cikinta aka yi maganar macen da ta samu ciki ta hanyar fyaɗe, amma ba a taɓa zuwa an gaya wa talakawa abin da aka sa wa hannu da sunansu ba, balle a ji ra'ayinsu ko na malamansu. A 2009 aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomin asibiti ƙauyuka. Dokar 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan harkar lafiya a Zamfara. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, da wani shiri na rage mutuwar mata a ƙananan hukumomi 172.

Madalla da kowane ɗaya daga cikinsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Tiyata kyauta a Gusau ba ta amfanar matar da jini ya ƙare mata tun ba a fita daga ƙauye ba. Ku 'yan kasuwa kun tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar nan duka da sunan tsaro. Shin a cikin masu wannan shawara akwai wanda ya tsaya ya tambayi yadda mai naƙuda za ta kira mota?

Sa'an nan ku dubi wannan. A Disamba 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya zargi sojojin Nijeriya da zubar wa dubban mata ciki a asirce a Arewa maso Gabas. Nan da nan, a farkon 2023, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abdu Aboki, kuma a Nuwamba 2024 kwamitin ya ce bai samu shaidar wannan zargi ba. Abin lura a nan shi ne, da sunan gwamnati ya shiga cikin magana, an samu alƙali, an samu kuɗin zama, an samu rahoto. Matan Zamfara da suka dawo daga hannun 'yan bindiga da ciki fa, wa zai zauna dominsu?

GA MASU CEWA MUNA BUƊE ƘOFAR ƁARNA

Mun san za a faɗa, saboda haka bari mu amsa tun yanzu. Mu ba mu ce a halatta zubar da ciki ga duk mai so ba. Jama'ar ƙasar nan mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kuma malaman wannan mazhaba sun tsananta a kan hana taɓa ciki tun farkon shigarsa. Amma malamai sun yarda cewa in ya tabbata cikin zai kashe uwar, ranta a ke fara ceta. Ba mu kuma taɓa jin malamin da ya ce a bar mace ta mutu da zubar jini don ta yi zunubi ba. Mai laifi yana da ƙofar tuba muddin yana numfashi, kuma wanda ya bari ta mutu ya rufe mata ƙofar. Game da wadda aka yi wa fyaɗe a daji, mu ba masu ba da fatawa ba ne. Abin da mu ke cewa shi ne malamai da likitoci su zauna, su ji daga bakin matan da abin ya shafa, su fito su gaya wa jama'a matsaya da Hausa. Shirun da a ke yi yanzu ya bar fatawar a hannun ɗan kemis.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, gwamnatin jiha ta yi shela a rediyo da masallatai da kasuwanni cewa duk macen da ta zo asibiti da zubar jini za a karɓe ta nan take, ba tambayar ina mijinki, ba kiran ɗan sanda, ba jiran kuɗin kati ko na safar hannu kafin a taɓa ta.

Na biyu, a fassara littafin ƙa'idojin 2018 da Hausa, a kai shi kowane asibiti, a koya wa ma'aikata abin da doka ta yarda da abin da ta hana, domin tsoro ya daina sa su korar marasa lafiya.

Na uku, kowace gunduma irin Kekun Waje ta samu ungozomar asibiti mai kwana a garin, da albashinta a kan kari, da maganin tsai da jini, da kayan ba da tazarar haihuwa kyauta ga ma'auratan da suka nema. Rigakafi ya fi magani, kuma cikin da ba a ɗauka ba ba a zubar da shi.

Na huɗu, duk macen da aka sako daga hannun 'yan bindiga ko aka yi wa fyaɗe a kai ta ga likita tun kafin a kai ta gaban masu ɗaukar hoto. Likitoci sun tabbatar akwai maganin da ke kare ta daga cutar ƙanjamau in an ba ta cikin kwana 3, da wanda ke hana ciki shiga in an ba ta cikin kwana 5. Wadda ta riga ta dawo da ciki kuwa a ba ta wurin zama na sutura da abinci da awo har ta sauka, a kuma taimaka mata da renon abin da ta haifa, don shi jaririn bai yi wa kowa laifi ba.

Na biyar, a daina sakin namiji da rantsuwa kawai a bar yarinya da kaya. A yi bincike na gaskiya, wanda aka tabbatar shi ne ya ɗauki hukuncinsa da nauyin da ya jawo, ko ɗan wane ne.

Na shida, kowace shekara gwamnati ta karanta wa jama'a yawan matan da suka mutu ta dalilin ciki a kowace ƙaramar hukuma, da abin da ya kashe su, da kuɗin da aka ware wa kowane asibiti. Da kuɗin harajinmu a ke yin binciken, saboda haka haƙƙinmu ne mu ji sakamakonsa.

Mu ma akwai namu aikin. A shekarun da suka biyo bayan 2008 an gwada wani shiri a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe inda direbobin tasha suka ɗauki nauyin kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Abin da direba ya iya, ɗan kasuwa ma zai iya. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta buɗe asusu, ko naira hamsin hamsin ne ranar kasuwa, domin kuɗin mota da na jini. Wanda ya ga ƙato yana jan 'yar talla bayan rumfa ya tsawata, kada ya ce ba 'yarsa ba ce. Iyaye kuma, in ƙaddara ta faɗa wa 'yarku, ku tuna abin kunya a kan manta da shi bayan shekara, amma wanda aka binne ba ya dawowa.

Daga ƙarshe, masu neman ƙuri'a za su zo, da atamfa da sabulu da taliya, kuma mata ne za su fi kowa tsayuwa a layi cikin rana. In sun zo Kekun Waje ku zaunar da su ku tambaye su: ina ungozomarmu, ina motar asibitinmu, mata nawa suka mutu a gundumar nan bara? Wanda ya kasa amsawa ya koma ya nemo amsa tukuna. Allah ya jiƙan matanmu da suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba talaka ikon faɗin gaskiya a gaban kowa. Amin.